Gafiya a Rumbun Malam Habu

Igiyar ta yi ta sauka cikin rumbun, ta yi ta sauka, har ƙullin ƙarshe ya zo ya tsaya a bakin gorar. Ƴar fitilar da ya kamata ta kama ba ta ko ƙyafta ba.

Raliya ta dubi ɗan akwatin da ke hannunta, sannan ta dubi Mubarak. Mubarak ya kawar da kai kamar ba shi ya haɗa wayoyin ba. Saudatu kuwa ta cusa gefen mayafinta a baki, don ta san idan ta yi dariya a gaban mahaifin Raliya, sai labarin ya riga ta isa gida.

"An gama?" in ji Malam Habu daga saman tsani. Hannunsa ɗaya yana tallafe da gefen jinkar rumbun, ɗayan yana riƙe da gorar da ya zura ta ƴar kafar da ya buɗe.

"An gama, Baba," in ji Raliya. Ta danna maɓalli, igiyar ta fara naɗewa.

Abin da ya fito a ƙarshen igiyar gwangwanin madara ne mai ƙafafu huɗu na waya, wanda yaran suka sa wa suna Gafiya saboda sana'arsa shiga rumbu. Mutum-mutumi ne, in ji malaminsu na kimiyya, Mushe Mansur, ko da yake duk wanda ya gan shi a Garin Iro sai ya tambaya ina mutumin yake. Mushe ne ya samo kayan haɗin daga wata ƙungiya a Maradi da ta shirya gasa tsakanin kwalejoji, sauran kuma aka cike da injin tsohuwar rediyo mai kaset da batir ɗin babur. Su ukun nan ya zaɓa daga ajinsu a kwalejin Gangara, dukansu ƴan Garin Iro, don su riƙa tafiya tare suna dawowa tare.

Gasar ba ta tsaya ga ƙera na'ura ba. Sai ɗalibai sun ɗauko wata damuwa ta garinsu, sun auna ta, sun gaya wa mutanen da abin ya shafa, sannan su tsaya gaban alƙalai su yi bayani. Raliya ce ta kawo maganar rumbu. A garinsu, idan an gama girbi, maigida yakan jera dammunansa a babban rumbu ya ɗora jinka ya ɗaure, ba a sake taɓawa sai ruwa ya sauka. Daga ciki za a ɗebi iri, daga ciki za a ci lokacin noma. Kafin nan mata ne ke riƙe gida da abin da suka samu a gayaunarsu. Mace ba ta leƙa rumbun maigida, yaro ba ya leƙawa, maƙwabci ko da wasa ba ya tambaya. To amma ƙwari da danshi ba su san wannan ladabin ba, sukan shiga su yi ɓarna wata da watanni ba wanda ya sani.

Aikin Gafiya ke nan. Ta sauka ta ƴar kafa, ta ji zafi, ta ji danshi, ta dawo, ba tare da idon kowa ya faɗa ciki ba. Don kada ta daki zangarniya ta lalace, Mubarak ya sa mata wani kunne a ciki mai aika sauti ya saurari dawowarsa, yadda jemage ke yi. Da ta kusa hatsi sai ta tsaya, fitila ta kama. Igiyar ma ba su yi ta da tsawo ba, tunda rumbun da aka rufe cike ai ba ya bukatar doguwar tafiya.

A lakol, wato makarantarsu, cikin gangar da suka zuba dammuna, Gafiya ba ta taɓa kuskure ba. A Garin Iro kuwa ta ba su kunya daga rumbun farko har zuwa wannan na ƙarshe.

Malam Habu ya mayar da jinkar, ya ja igiyar ɗauri ya ƙulle da kyau, ya sauko yana karkaɗe hannu.

"To, mi ta ce?"

"Babu danshi, Baba. Zafin ma kaɗan ne. Kunnen ne dai ya ƙi aiki."

"Madalla," in ji shi. Ya sa tsanin a kafaɗa ya shiga gida da saurinsa.

Washegari a gindin dogonyaron lakol aka shimfiɗa tabarma aka farke cikin Gafiya, karo na nawa ke nan ba wanda ke lissafi kuma. Mushe Mansur mutumin Gidan Rumji ne, dogo, mai saurin fushi da saurin hucewa, wanda ke da imani da waya fiye da yadda yake da shi da ɗalibai. Duk da haka laifin bai taɓa wuce kan Mubarak ba.

"Dalmar nan da ka ɗiga, kai da kaza wa ya fi iya aiki? Ranar Asabar za mu tsaya gaban juri, alƙalan gasa, kai kuma ka ba ni kunnen da ya kurumce!"

"Wallahi Mushe a nan yana ji. Ga shi ma ka gani." Mubarak ya sa tafin hannunsa ƙarƙashin gwangwanin, fitila ta kama nan take.

"A nan yana ji, a rumbu ya zama surukin gari. Wataƙila duhu ne."

"Jemage ai a duhu yake aiki, Mushe," in ji Saudatu a hankali.

Mushe ya harare ta. Suka canza batir, suka canza waya, suka naɗe kunnen da tsumma ko ƙura ce ke toshe shi. Suna cikin haka Raliya ta ɗauki ƙafafun Gafiya za ta goge, sai ta ga sun yi kauri da saƙar gizo, fara fat, a nannaɗe kamar an tsoma su cikin auduga. Ta tuna haka suka fito daga kowane rumbu. Ta cire da tsinke ta yar.

"Mushe, mu gwada ta a rumbun da muka san abin da ke ciki mana," ta ce. "Na Gwaggo Hauwa. Ita ba ta hana a leƙa."

Gwaggo Hauwa yayar Malam Habu ce, mijinta ya rasu tuntuni, tana da ɗan rumbunta na gayauna a bayan ɗaki wanda kowa ya san ya kusa rabi. Da yamma bayan an tashi lakol suka je su ukun, Mushe ya ce su kawo masa labari da safe. Gwaggo ta zauna kan turmi tana yi musu tsiya, wai ita da ta ga jikokin sa'anninta, yau ga ta tana karɓar baƙuncin gwangwani. Igiya ta sauka kaɗan, Gafiya ta tsaya cak, fitila ta kama. Lambar zafi ta hau sosai, don hatsi a jibge yana riƙe ɗumi. Ta fito ƙafafunta tas, sai ɗan ƙaiƙayi.

Mubarak ya yi tsalle ya daki iska. "Kun gani! Na ce muku dalmata ba ta da laifi!"

Raliya ba ta yi murna ba. A gefen gidan akwai wani tsohon rumbu na marigayin, wanda aka daina amfani da shi tun shekarar da ya rasu, yara ma sukan ɓuya a ciki. Ta ɗauki gorar da kanta ta hau dutse ta zura. Igiyar ta yi ta sauka har ƙullin ƙarshe. Fitila ba ta kama ba. Lambar zafin da ta fito ita ce wadda suka yi ta gani tun daga farkon unguwa har ƙarshenta. Da Gafiya ta dawo, ƙafafunta sun yi fari da saƙar gizo.

Gorar ta kuɓuce daga hannun Raliya. Ba ta ko ji faɗuwarta ba, ta zauna a kan dutsen. Abin da ya dawo mata shi ne muryar mahaifinta ranar da ta fara roƙonsa ya yarda a gwada rumbunsa. Bai tambayi ko abin yana cizo ba, bai tambayi ko zai ɓata hatsi ba. Cewa ya yi, "Wagga aba taku, tana gani?" Ta ce a'a, ba ta da ido, shinshinawa kawai take. Sai da ya sake tambaya kafin ya ce to. Ta tuna kuma kajin gidansu, da kullum suke tono a ƙarƙashin rumbu, bana sun koma bakin turmi.

"Ke, lafiya?" in ji Gwaggo daga can.

"Lafiya lau, Gwaggo. Jiri ne."

Sai da suka fita bayan gari, inda ba kowa sai gawo da tumaki, sannan Saudatu ta buɗe baki.

"Raliya, duka?"

"Duka."

"Mi ne ne duka?" in ji Mubarak. Ya dubi wannan ya dubi waccan, sai fuskarsa ta sauya. "Kai! Ku daina wannan magana. Babana rumbu uku gare shi. Uku! Kowa ya sani a garin nan."

"Duka ukun muka gwada, Mubarak."

"Ƙarya ne! Na'urar banza ce, ni na haɗa ta, na san ta!"

Ɗazu ya gama rantsuwa cewa dalmarsa ba ta da laifi, yanzu kuma yana neman ya mayar da laifin kansa da hannu biyu. Ba wanda ya tuna masa. Mahaifinsa, Alhaji Yahaya, shi ne ya fara yarda a zura Gafiya a rumbunsa, yana dariya yana cewa a bar yara su yi karatunsu. Da ya yarda, sauran magidanta ba su da hanyar ƙi, don wanda ya ƙi sai a ce me yake ɓoyewa.

Saudatu ta tsuguna ta dafe kai. Danginta da can masu bin shanu ne kafin su zauna su kama noma, kuma karsana ɗaya ce ta rage musu a gida. "Shi ya sa Baffa ya kai karsanar kasuwar Cadawa," ta ce, tana nufin mahaifinta. "Ya ce mana juya ce, ba za ta haihu ba. Ni kuwa na san tana da ciki."

Mubarak ya juya ya kama hanyar daji, ba hanyar gida ba. Suka bar shi ya tafi.

Da safe, da suka gaya wa Mushe Mansur, ya ajiye allin da ke hannunsa. Mutumin da ba ya rasa wanda zai ɗora wa laifi, yau ya rasa. Ya zauna a kan bencin ɗalibai, gwiwoyinsa suka kusa taɓa haɓarsa.

"Inna lillahi," ya ce. "Gari guda?"

Shekarar ce sojoji suka karɓi mulki suka yi alkawarin shirya zaɓe su mayar wa farar hula. Rediyon da a da ba ta iya furta kalmar yunwa, yanzu safe da yamma ita take faɗa. Damina ta ɗauke da wuri bara, tsutsa kuma ta bi abin da ya rage a zangarniya. Ma'aikacin noma ya zagaya ƙauyuka a kan babur yana tambayar inda ake bukatar iri. A Garin Iro dattawa suka zauna a inuwa, kowa ya saci kallon na kusa da shi, aka rasa mai fara magana, sai Alhaji Yahaya ya ce alhamdulillahi, sauran suka amsa. Ma'aikacin ya dubi rumbuna a jere da jinkunansu a ɗaure, ya yaba musu, ya tayar da babur ya wuce.

"Ma'aikacin noman nan yana cikin juri," in ji Mushe. "Shi zai yi muku tambaya kan bincike. In kun faɗi abin da kuka gano, ina jin ba za a rasa yi wa garinku wani abu ba kafin shuka. In kuma kun ce kunnen ya lalace, ba wanda zai musa, mu sha kaye mu dawo."

"Kai ka faɗa musu mana, Mushe," in ji Saudatu.

"Ni baƙo ne, Saudatu. In na tsaya a Maradi na buɗe cikin iyayenku, da wane ido zan sake bi ta garinku? Kuma ƙa'idar gasa ta ce sai an fara gaya wa masu abin. Da izininsu kuka shiga rumbunsu, amma ba wannan suka ba ku izinin aunawa ba."

Mubarak, da ya zo a makare idanunsa jajur, ya ce shi dai ba zai iya duban babansa da wannan magana ba, ko za a yanka shi. Saudatu ta ce Baffanta zai iya barin garin gaba ɗaya. Duk suka dubi Raliya, tunda ita ta kawo maganar rumbu tun farko. Ta ji haushinsu, ta ji haushin Gafiya, ta fi jin haushin kanta.

Ta isa gida bayan la'asar, zafi ya fara sauka. A gabas hadari ya ɗan taru, irin na farkon shekara mai yaudara, amma ya isa ya sa kowane manomi ya ɗaga kai. Mahaifiyarta Nana tana tankaɗe a ƙofar ɗaki. Raliya ta tsuguna kusa da ita.

"Inna, rumbun Baba..."

Nana ba ta ɗago ba. "Ba a leƙa rumbun maigida, Raliya."

"Ban leƙa ba."

"To ki bar shi a haka." Hannunta ya ci gaba da kaɗa rariya, amma garin ya daɗe da ƙarewa a ciki.

Malam Habu yana bayan gida a inuwar rumbun, ya baje kayan aiki yana sa wa sungumi sabuwar ƙota. Ganin haka ya fi komai karya mata zuciya: mutum yana gyaran abin shuka da dukan ƙarfinsa, a jingine da rumbun da ba ƙwaya ɗaya a ciki. Ta durƙusa nesa kaɗan ta gaishe shi.

"Ƴan Maradi," ya ce yana murmushi. "An gyara kunnen?"

"Baba, kunnen bai lalace ba."

Ya ci gaba da buga ƙotar a kan dutse.

"Aikinsa ya ji inda hatsi yake ya tsaya. Idan bai tsaya ba... Mun gwada a tsohon rumbun mijin Gwaggo. Abin da ya nuna can shi ya nuna a nan."

Bugun ya tsaya. Malam Habu bai dube ta ba, ƙotar yake kallo kamar yau ya fara ganin itace. Raliya ta ji tsoro irin wanda ba ta taɓa ji ba, ta shirya wa tsawa, ta shirya wa mari ma, ko da yake bai taɓa dukanta ba. Da ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa ce.

"Kin ce mini ba ta gani."

"Wallahi Baba ban sani ba. Ba don haka muka yi ta ba."

"Wa ya sani?"

"Mu uku. Da Mushe."

Ya runtse ido. "Malamin lakol. Mutumin Gidan Rumji ya san cikin rumbuna." Ya ajiye sungumin a hankali. "Abin da na samu bara bai kai mu ko'ina ba, ɗiyata. Na zuba wa uwarki a nata, na ce saye na yi. Wanga kuma na rufe shi ranar kasuwar Gangara, da ba kowa a gida. In mutane suka ga jinka a ɗaure, ana gaishe ka da daraja, yaranka su yi barci da daɗi. Mi na ɓata wa wani?"

Ta gaya masa maganar gasar, da ma'aikacin noma da ke cikin alƙalai, da irin da ake rabawa garuruwan da suka faɗi gaskiyar halinsu. Tun kafin ta gama yake girgiza kai.

"A'a. Ba za a kira sunana a Maradi ba. Ki ce abinku ya lalace. Iri kuwa kada ya dame ki, na gama shirina. Ranar da ruwa ya sauka zan tahi wajen Alhaji Yahaya tun da sassafe. Tare muka tashi, ba zai hana ni abin shuka ba. Mutum mai rumbu uku, mi zai rage mishi?"

Nan ne Raliya ta gane cewa abin da ta faɗa zuwa yanzu shi ne mai sauƙin. Ta tona asirin mahaifinta a gabansa, yanzu kuma sai ta tona na wani. Ta dubi ƙasa, hawaye suka ɗiga a kan gwiwarta.

"Baba, na Baba Alhaji ma haka ne."

"Mi?"

"Duka ukun."

"Ke, ki san abin da kike hwaɗi!"

"Da na Baffan Saudatu. Da na Liman. Duk inda muka zura ta, Baba, tun daga bakin rijiya har nan. Na Gwaggo kaɗai ne ta tsaya."

Malam Habu ya miƙe tsaye, sai kuma ya koma ya zauna. Bakinsa a buɗe, ya juya yana bin rumbunan unguwa da ido ta saman danga, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da jinkarsa a ɗaure tsaf. Tun rani ya fara yake kallonsu yana samun natsuwa, yana cewa a ransa ko shi ya faɗi, gari yana tsaye.

"Har Yahaya," ya ce. Ya sake cewa, "Har Yahaya."

Suna nan a haka aka yi sallama daga bakin danga. Alhaji Yahaya ne da kansa, cikin farar rigarsa ta zuwa masallaci, da carbi a hannu da fara'arsa ta kullum. Daga ganin yadda ya shigo, Mubarak bai ce masa komai ba. Raliya ta goge fuska ta gaishe shi, ta matsa gefe za ta tafi, mahaifinta ya yi mata alama da hannu ta tsaya.

Aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi zafi. Alhaji ya nuna gabas da carbinsa ya ce da alama bana ruwa zai yi sammako. Ya yaba ƙotar sungumi. Sannan ya dafa cikin rumbun Malam Habu, ya ɗan bubbuga shi da tafin hannu yadda ake yi wa doki mai ƙiba.

"Kai dai Habu ka iya ajiya. Dama wata ƴar magana ce ta kawo ni, ba ta gaggawa ba. Ka san irin nan nawa ya gauraye, bara duk gajeru ya yi ta ba ni. Naka kuwa zango ne tsantsa, mai doguwar zangarniya. Na ce in Allah ya sauko da ruwa ka buɗe, ka ɗan ɗiba mini in shuka, in ya so daga baya sai in mayar maka daga nawa."

Ya faɗe ta a saukake, yana murmushi, amma Raliya ta ga yadda babban yatsansa ya danne ƙwayar carbi ɗaya bai sake ta ba. Wannan maganar an daɗe ana gyara ta a zuci kafin a kawo ta, kuma ta san wani mutum da ya gyara irinta.

Malam Habu ya dubi abokinsa. Sannan ya ce, "Raliya, ɗauko mini tsani."

"A'a, ba yau ba!" in ji Alhaji da sauri. "Ruwa bai sauka ba, Habu, wa ke buɗe rumbu yanzu? Sai mutane su ce wani abu."

Malam Habu ya jingina tsanin ya hau, ya kwance ɗaurin da ya ƙulle da kyau shekaranjiya. Bai ɗaga gefe ba kamar yadda ya yi wa Gafiya. Ya sa kafaɗa ya ture jinkar gaba ɗaya, ta zame ta faɗo ƙasa da ƙarar da ta sa kaji suka watse. Nana ta fito daga cikin gida da rariya a hannu ta tsaya. Matan maƙwabta suka leƙo ta saman danga.

Ya sauko ya riƙe tsanin da hannu biyu. "Hau ka ɗiba, Alhaji."

Alhaji Yahaya ya dubi fuskarsa, murmushin ya fara gushewa. Ya tattare rigarsa ya hau a hankali. Da ya kai bakin rumbun ya leƙa, ya tsaya a nan bai motsa ba, har Raliya ta fara tsoron kada ya faɗo. Ba abin da ake ji sai kukan wata akuya a nesa.

"Wajenka na yi niyyar zuwa ranar shuka," in ji Malam Habu daga ƙasa.

Alhaji ya sauko da baya, ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Saƙar gizo ta manne a hularsa. Ya dubi Raliya, ya dubi gorar Gafiya da ke jingine a danga, kuma a idonsa ta ga ya gane abin da gwangwanin ya jiyo a gidansa shi ma. Ya zauna a kan dutsen da ake wasa fartanya, farar rigar tana jan ƙasa, bai kula ba.

Malam Habu ya juya ga ƴarsa. Idanunsa sun yi ja.

"Ranar Asabar in sun tambaye ki, kada ki ce abinku ya lalace. Ki ce rumbun Habu ne, na Garin Iro. Na sauran mutane kuwa ba naki ba ne, kowa shi zai hwaɗi nashi."

"To, Baba."

Iska mai ɗan sanyi ta taso daga gabas ta kaɗa ciyawar jinkar da ke yashe a ƙasa. Alhaji Yahaya ya cire hularsa, ya tsince saƙar gizon da yatsa, ya mayar da ita kansa. Ya dafa gwiwa ya miƙe kamar wanda ya tsufa a zama ɗaya.

"Habu," ya ce, "taho da tsanin nan. Nawa jinkunan suna da nauyi, ba zan iya ni kaɗai ba."